Sau Ɗaya Na Taɓa Kiran Sunanki

Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ke 'yar Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da bayan hanya, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ki da abokan zama na gari. Amin.

Na sa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin busasshen zogalen da babanku ya kawo daga Jiratawa, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai yunwar Yamai ta fara taɓa ki. Da gangan na yi. Ba na so ki karanta ta a inda idona zai iya haɗuwa da naki. Ki yi haƙuri da rubutun. Ke Faransancin lakwal, wato makarantar boko, kika saba karantawa, ni kuwa Hausar da na iya rubutawa a littattafan soyayya na Kano na tsince ta. Kwana huɗu na yi ina rubutu, tsakanin azahar da la'asar.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan ƙanwarki Ramatu za ta ishe ki da shi a waya. Wata magana kika yi, ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi wucewa ta ƙi dawowa.

Ranar da aka taru a Tsibiri, gidan mahaifiyata Inna, ana yi miki barka da cin bak, jarrabawar gama sakandare, ina madafa ina kwashe tuwo. Zana ce kawai tsakanina da ku. Na ji Gwaggo Delu, ƙanwar babana, ta ce miki:

"To ke, likita za ki zama ko malamar lakwal?"

Kika ce, "Sikoloji za ni karanta, Gwaggo."

"Siko mi?"

"Ilimin halin ɗan Adam. Yadda zuciya ke aiki, da abin da ke sa mutum ya yi abin da ya yi."

"A'aha! Don wanga za a kwashe ki har Yamai? Zo ki zauna gindina kwana bakwai, in karanta miki halin kowa na garin nan, har da na liman."

Aka yi ta dariya. Wata ta ce ai karatun taɓaɓɓu ne, in kin gama ki fara da kawunki. Sai Gwaggo ta sake cewa, "Tsakani da Allah, mi ya kai ki?"

Kina dariya kika faɗa, na ji dariyar a muryarki. Kika ce, "So nike in gane abin da ke sa uwa ta haihi ɗiya ta kasa ɗaga ido ta dube ta."

Gwaggo ta ce, "Ja'ira! Wannan ai kunya ce, ba ta buƙatar lakwal." Aka wuce wurin. Inna kaɗai ce ban ji dariyarta ba. Ni kuwa tuwo mai zafi ya zubo mini a babban yatsa, ban saki marar ba sai da na cika kwanon.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina cewa a raina, yarinyar nan za ta tafi babbar jami'ar gwamnati, ta zauna cikin ɗaruruwan 'ya'yan mutane, ta buɗe littafi ta nemi sunan ciwona. Da fushin ya huce sai na ga abin da ya fi shi muni. Za ki tafi da tambayar, kuma wani malami da bai taɓa ganina ba shi zai ba ki amsa. Gara ki ji daga bakin mai laifin.

Kuskurena na farko littattafai ne, ko in ce yadda na karanta su. Ina aji na biyu a kolej wata 'yar ajinmu ta zo da ɗaya daga Katsina, ko bango ba shi da shi. Daga ranar na gama da boko ban sani ba. Malami na rubutu a allo, ni nawa littafin na kan cinya. Na maimaita aji, na sake faɗuwa, aka sallame ni. Ko kuka ban yi ba, gani nake lokaci na samu.

Abin da littattafan suka dasa mini shi ne wai na iya karanta mutane. A cikinsu kowane motsi da fassararsa. In namiji ya yi shiru, so ne ya cika masa ƙirji. In ya kau da kai, kishi ne. Da wannan ilimin na zaɓi babanku. Ba wanda ya matsa mini, samari biyu masu zaƙin baki na kora saboda shi. Yakan zo zance ya zauna kan benci, in an gama gaisuwa sai ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido, ni kuwa ina cika shirun da kalaman da na haddace. Na ce wannan kogi ne mai zurfi, ranar da aka ɗaura aure zai ɓalle. Aka ɗaura. Ashe gajiya ce. Mutum ya yini yana ban ruwa a Jiratawa, ya ratsa Maraɗi da keke har Tsibiri, me ya rage masa na magana?

Shekaru na yi ina jin haushinsa a kan abin da bai taɓa yi mini alkawari ba. Wata rana na tare shi na ce, "Wai kai ba ka da wani abin da za ka faɗa mini?" Ya yi dogon tunani har na fara gyara zama. Sai ya ce, "Bana tsutsa ta shiga tattasai."

Alhali mutumin nan, in ya kai kaya Jibiya, da hannunsa yake zaɓo mini littattafan. Ba ya karanta boko, da kauri yake zaɓe. Yakan miƙo mini ya ce, "Wanga ya hi kiɓa, zai daɗe miki." Ban taɓa sa wannan cikin so ba, don ba haka aka rubuta so ba.

Ke ma littattafai za a ba ki, masu kauri, kowane hali da sunansa na Faransanci. Ki karanta su, ki ci jarrabawa, kada ki yi irin tawa. Amma ranar da aka zaunar da mutum gabanki, kada ki tsaya neman shafin da ya fito daga ciki. Ki saurare shi tukuna. Wani shirun baƙin ciki ne, wani kuwa ƙafa ce ke ciwo.

Yanzu ga naki.

A Tsibiri na haife ki, ɗakin Inna, ina da shekara goma sha takwas. Kwana shida na yi ina satar kallonki in babu kowa. Ina ƙirga yatsunki, ina shinshinar wuyanki. Ranar suna, da hantsi, bayan wanzami ya yi miki aski, aka maido ki ɗaki kina tsala kuka, kanki sumul. Ɗakin cike da mata, rabinsu dangin babanku daga Jiratawa. Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓe ki ba. Na manna bakina a goshinki, na kira sunan da aka raɗa miki da safe, da ƙarfi, yadda iyaye mata ke yi a littafi.

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Sai Gwaggo Delu ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Habsu, ɗiyar hwari? Gaban dangin miji? Ga abin da takardun Kano suka yi mana!"

Wata daga cikin baƙin ta ce, "Ku bar ta, 'yar lakwal ce. Su tare da cibiya ake yanke musu kunya."

Kafin la'asar masu kiɗan ƙwarya sun sa abin a waƙa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Bayan rumbu ta zagaya, da ta dawo idonta ya yi ja. Washegari tana watsa mini ruwan wankan jego ta ce, "Kin sa na kasa hita unguwa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

A cikin tururin ruwan nan na yi rantsuwa a raina. Na ce kunya kuke so? Za ku ga kunya.

Ina so ki gane wannan da kyau, don a nan laifin yake. Al'ada ba ta ce uwa ta ƙi ɗanta na fari ba. Ta ce kada ta kira sunansa, kada ta yi wasa da shi gaban manya, kada ta tare masa faɗa a cikin mutane. Matan da na tashi cikinsu duk sun yi haka, amma in sun shiga ɗaki sun saki labule, har cakulkuli suke yi wa 'ya'yansu. Na gani da idona. Ni ce na kai abin har bayan labule. In zan ba ki nono, bango nake kallo. In kin yi dariya, sai in ɗaure fuska ko da daga ni sai ke. Da farko fushi ne, ina rama abin da aka yi mini. Daga baya tsoro, kada hannuna ya saba ya sake kunyata ni. Daga nan kuma ya zama jiki. Hannu in ya daɗe a naɗe, miƙewa ma ciwo gare ta.

Kuma aka yaba mini. Gwaggo Delun nan da ta tafa hannu, ita ce ta koma tana misali da ni a gidajen suna: "Ku dubi Habsu, ko inda ɗiyar take ba ta kallo." Ya yi mini daɗi, wallahi ya yi. Ni na sha yabon, ke kika kwana da ƙishirwa.

Da aka yaye ki aka kai ki wurin Inna, kamar yadda ake yi. Damina ta wuce, aka yanke gero, babanku ya ce, "Ba a maido da yarinyar nan ba?" Na ce, "Wace yarinya?" Ya dube ni, ya ɗauki malfarsa ya fita. Bayan wata guda ya sake tambaya, na sake ba shi irin amsar. Jira nake ya karanta fuskata, ya hau keke ya ɗauko ki da ƙarfin tsiya, in yi ta mita ina murna a ciki. Shi kuwa mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Bai ƙara tambaya ba. Haka kika girma a Tsibiri, kina ce wa kakarki Inna, kina ce mini Yaya, yadda kika ji ƙannena na faɗa.

Can inda za ki, wata rana za a yi miki dariya a cikin taro. Kan wani abu ƙarami ne, Faransancinki ko ɗaurin kallabinki ko tambayar da kika yi a aji. Ki ji zafin, ki yi kukanki in ya zo. Abin da nake roƙonki, kada ki yi rantsuwa ranar. Rantsuwar da aka yi cikin jin kunya ba ta faɗa wa waɗanda suka yi dariyar. Gwaggo Delu ko tuna ranar ba ta yi.

Kina shekara takwas kika zo mana hutu nan unguwar Zariya. Ina tsakar gida ina yi wa Ramatu kitso, wata maƙwabciya na zaune tana tsince shinkafa. Kika zo kika tsaya gabana, hannuwanki a baya. Kika ce:

"Yaya, wai 'yan ajinmu sun ce ke kika haihe ni, ba Inna ba. Gaskiya ne?"

Da na ce i, ba wanda zai tsire ni. Da ma na ce, "Zo nan ɗaki." Amma maƙwabciya ta ɗago kai tana jiran ta ji abin da Habsu mai kunya za ta ce. Na ce, "Ni? Ina na ga ƙatuwa kamarki? Tashi ki ɗebo mini ruwa." Ta yi dariya har shinkafa ta zube. Kika tafi randa, kika kawo ruwan da hannu biyu, kika durƙusa. Ko ɗigo bai zuba ba. Ba ki sake tambayata ba har yau.

Kin san abin da na yi bayan nan? Na gama kitso, na shiga ɗaki, na ɗauki littafin da nake karantawa. Labarin wata marainiya ne da ake gallaza wa. Na yi mata kuka har Ramatu ta shigo tana tambaya wa ya mutu. Ke kuwa kina zaune bakin rijiya kina zane a ƙasa da tsinke, taku goma tsakanina da ke.

Wannan na fi jin kunyar rubutawa. Tausayin mutanen takarda ba wuya gare shi, ba sa buƙatar ka tashi daga inda kake. A karatunki za a ba ku labaran marasa lafiya, ku tattauna, ku yi jimami, a ba ku maki. Ki duba wadda kuke ɗaki ɗaya da ita. In ta kwana biyu ba ta je cin abinci ba, ki ajiye littafin ki tambaye ta. Kuma in yaro ko babba ya tattaro duk ƙarfinsa ya yi miki tambaya ta gaskiya, ki ba shi amsa ta gaskiya, ko waye ke zaune yana tsince shinkafa.

Akwai wani abu da ba ki sani ba, lokacin kina Tsibiri ya faru. Shi ya hana ni ce wa babanku ya hana ki karatun nan, ko da ina cikin fushi.

Bayan katangarmu akwai wata amarya, Balki, matar wani tela. Marainiya ce, don haka a ɗakinta ta yi jegon ɗanta na fari, ni nake shiga ina taimaka mata. Tun sati na biyu ta juya wa jaririn baya. Ba ta cin abinci sai an matsa, yaro na kuka tana kallon bango. Mijinta ya zo zaurenmu, don a unguwa an san ni da sanin halin mutane, ni mai karatu. Ya ce, "Maman Ramatu, anya lahiya? Ko in kai ta likita?"

Kin ji sunan da ake kirana da shi a Zariya. Ko shi bai san da ke ba.

Na ce masa, "Kunyar ɗan fari ce, Malam. Ka gode Allah, ka samu mace mai tarbiyya." Har na riƙa gaya wa mata cewa Balki ta fi ni. Ita da bakinta ta taɓa ce mini, "Yaya Habsu, ni ban jin komi. In ya yi kuka, kamar gidan wasu ake yi." Na dafa kafaɗarta na ce, "Haka ake so."

Wata rana da hantsi masu ban ruwa suka gan ta a hanyar Jiratawa, ba takalmi ba mayafi, ba ta san inda za ta ba. Jaririn ta bar shi kan tabarma a tsakar gida. Babanku ne ya gane ta, ya maido ta a amalanke. A likita matar da ke karɓar haihuwa ta ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ta ce, "Me kuka tsaya jira har sati biyar?" Telan kuwa ni ya juyo ya kalla. Balki ta samu sauƙi a hankali wurin danginta, amma auren ya mutu, yaron kuma a hannun dangin uba ya girma.

To ga amsar tambayarki, iyakar abin da na sani. Mata biyu, katanga ɗaya tsakaninsu, kowace ta juya wa ɗanta baya. Ɗaya ba ta da lafiya, tana neman wanda zai gane. Ɗaya lafiyarta lau, zuciyarta na tafasa a kan 'yarta, girman kai ya riƙe mata wuya. Daga waje fuskarsu ɗaya, kuma duka biyun an ce musu masu kunya. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni na tambayi fuska, na kashe auren yarinya. In har a Yamai ana koyar da yadda ake bambanta Balki da Habsu, to ki zauna layin gaba, ki buɗe kunne. Ki dawo da shi nan, akwai irin Balki a kowace unguwa, kuma akwai irina da ke dafa musu kafaɗa.

Sai shekaru ukun nan da kika yi a gidanmu kina lise, babbar sakandare. Allah ya maido mini ke har cikin gida, na sake zubarwa. Ta bakin Ramatu nake miki magana: "Ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Kina zaune kina ji. Na ce a raina yanzu ta girma, tana da ilimi, za ta gane alamu. Duk ranar da aka yanka kaza, ƙundun ƙarƙashin tuwonki nake tura shi. Rigar makarantarki ni ke goge ta in kin tafi islamiyya. Rannan na ji kina yi wa Ramatu godiyar guga, ita kuma 'yar banza ta amsa da "ba komi".

Ranar da aka faɗi sakamakon bak na ce za ni kasuwa. Ban je ba. Bayan katangar makarantar na tsaya, gindin wata bishiyar bedi, na ja hijabi har hanci. Na ji an kira sunanki a lasifika, na ji ihun ƙawayenki. Na zauna a kan saiwa na yi wa Allah godiya. Na hau kabu-kabu na riga ki isa gida. Da kika shigo da gudu, fuskarki kamar an kunna fitila, kin tuna abin da na ce? "To, an gode Allah. Ramatu, kawo mata ruwa." Na ga lokacin da fitilar ta mutu.

Shekara ashirin ina jin haushin babanku don ya ba ni littafi mai kauri maimakon kalma, sai ga ni na ba ki ƙundun kaza ina jiran ki fassara. Alama ba ta isa, ko ga mai digiri. Wanda kike so, ki gaya masa da baki tun yana kusa.

Sauran gajeru ne. An ce ɗakin karatunku ya fi filin idi cika, wanda ya makara a tsaye yake rubutu, to ki riƙa sammako. Kada ki bar salla don aji. Ki koyi gaisuwa da Zabarmanci, ba ta rage kowa. Abin da mutum ya gaya miki a asirce, ki binne shi, ko da zai yi daɗin hira. In kin zo hutu kada ki zauna kina auna mu ɗaya bayan ɗaya, mutane na ji a jikinsu in ana karanta su. Inna kuwa, kada in ji kin ce mata al'adarsu jahilci ce. Ita ta goya ki, ita ta kwana da ke a ƙyanda, kuma ba ita ta ce in kai abin inda na kai shi ba.

Da na so in ce kada ki kai labarina aji. Na fasa. In kin ga zai amfani wani, ki kai. Sharaɗina ɗaya, ki kai shi duka, har da kwana shidan farko da gindin bedi. Kada a ce wata mata a Maraɗi ba ta son 'yarta. A ce ta so ta, ta ɓoye, ɓoyon ya yi ɓarnar da ƙiyayya za ta yi. Ban ce ki yafe yanzu ba. Shekara goma sha tara ba a wanke ta da takarda huɗu.

Lokacin da za ki karanta wannan, kin riga kin ga abin da na yi a tasha. Yau saura kwana biyu ki tafi, amma na san kaina. Inna za ta rungume ki, Gwaggo Delu za ta yi ta kuka da majina kamar ita ta haife ki. Ni zan tsaya can baya riƙe da jakar wani. In mota ta tashi zan ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon Ramatu. Jiya ina wanke-wanke ni kaɗai na gwada faɗin sunanki, harshena ya ƙi juyawa. Don haka kada ki ce tasha ce gaskiyar. Wannan ce.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin gama karantawa, ki kira wayata. Tawa, ba ta babanku ba, ba ta Ramatu ba. In kin ji shiru kada ki kashe, ina nan, ƙoƙari nake. Ki sake yi mini tambayar da kika yi kina shekara takwas.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya sa karatun ya zama mai amfani gare ki da jama'a. Allah ya kare ki daga zazzaɓin bakin kogi da mugun aboki da mugun ji. Allah ya maido ki lafiya, ya sa ina raye. In ya ba ki 'ya'ya, ya ba ki ikon kallon na farin ido cikin ido.

Sau ɗaya na taɓa kiran sunanki, kina da kwana bakwai, kanki ba gashi, kina kuka. Da na kira kika yi shiru. Wannan ba wanda ya lura da shi a ɗakin sai ni.

Maimuna.

Ni na haife ki.

Uwarki, wadda kike ce wa Yaya,
Habsu